Fir'aunan da Ya Tsamo Ni Daga Kwata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Iyayena, dattawan ikilisiya, zumuntar mata, har da ku matasan bencin baya da kuka fara dariya tun ban buɗe baki ba, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku. Halleluya!

Sunana Ishaku. Muna zaune a wajen Ƙofar Marusa, ni da Baba da Mama da ƙanwata Rifkatu da Kaka. Na tsaya ne in ba da shaidar yadda Allah ya cece ni daga wani ciwo da ba a sayar da maganinsa a kemis. Ciwon ramuwa ne. Ya kusa sa ni hallaka ɗan mutane, ni ma ya kusa tafiya da ni.

Amma dole in fara da Kaka, domin in ba ku san addu'ar Kaka ba, ba za ku gane labarin ba.

Kaka ba ta taɓa yin addu'a ba ta bi ta Masar ba. Ko ruwa za a sha a gidanmu, sai an fito da Isra'ilawa daga bauta tukuna. A ce mata, "Kaka, sa wa abinci albarka," sai ta gyara ɗankwali, ta miƙe ƙafa, ta fara: "Ya Allah, kai ne ka ji kukan mutanenka a Masar." Shi ke nan, mun hau mota. Daga nan sai Fir'auna, sai annoba, sai Bahar Maliya. Kafin a ce Amin tuwo ya yi sanyi, ya yi taurin da in ka jefi kare da shi sai an kai karen asibiti.

Wata rana na ce mata, "Kaka, Allah fa yana wurin, shi ya yi abin da hannunsa. Me ya sa kike ba shi labari?"

Ta ce, "Maigida, shi ba shi mantuwa. Mu ne ke mantuwa. Haka Nehemiya da mutanensa suka yi, haka Daniyel ya yi. In za su furta zunubi, sai sun tuna abin da Allah ya yi masu tun farko."

Na ce, "Su ma tuwo yana jiransu?"

Ta jefe ni da mafici. Ta ce miji irina gara zaman gwauranci.

To, ni na gano wani abu game da addu'ar nan. Daidai Bahar Maliya muryar Kaka take tashi sama, Mama ta runtse ido da ƙarfi tana Amin, Baba ya sunkuyar da kai. A nan nake sauka. Ruwa yana rabuwa, hannuna yana shiga miya. Kafin rundunar Fir'auna ta gama nutsewa, tsoka ta nutse a cikina. Sauran addu'ar kuwa ina can ina tauna a hankali don kada a ji, ban taɓa sanin inda motar take ƙarasawa ba.

Yanzu ga abin da aka yi mini.

Ina kiwon tantabaru a bayan ɗakinmu. A cikinsu akwai wata fara sol mai ɗigon baƙi a wuya, na sa mata suna Walƙiya. 'Yan'uwa, ba ku taɓa ganin tantabara irinta ba. In ta tashi sama, jirgin da ya taso daga filin jirgi sai ya kauce ya ba ta hanya. Ni na ciyar da ita da bakina tun tana tsako, na ɗaura mata jan zare a ƙafa don kowa ya san tana da uba.

Masu tantabara a unguwarmu muna da doka. In tantabararka ta sauka gidan wani ya kama ta, za ka je ka roƙa, a ja maka rai, a yi maka dariya, a ƙarshe a miƙa maka abarka. Ba a yankawa. Ko yaron goye ya san ba a yankawa.

Akwai Bitrus, ɗan Baba Dauda magini, maƙwabcinmu na bayan kwata. Tare muke ƙungiyar mawaƙa. Ga shi can zaune, ya ɓoye fuska da littafin waƙa. Ɗago kai, Bitrus, a gan ka.

Walƙiya ta ɓata. Na zaga unguwa ina fito har leɓena ya kumbura. Washegari, bayan koyon waƙa, Bitrus ya kira mu ni da 'yan matan mawaƙa, ya ce ya yi ɗan farfesu, mu zo mu ɗanɗana. Ya ce, "Ishaku, kai ne mai baƙin ciki, kai za ka fara." Na ce yaron nan yana da kirki. Na ci ƙirji. Na ci cinya. Na tsotse ƙashi har ya yi haske. Na ce, "Bitrus, wannan ai ko a gidajen GRA ba a dafa irinsa. Babu ƙari?"

Sai ya sa hannu a aljihu, ya ɗauko jan zare, ya ajiye a gefen kwano.

Wayyo Allah! Na cinye Walƙiya!

'Yan matan suka yi ta dariya har ɗaya ta faɗo daga kan turmi. Daga ranar sunana ya koma Ci-naka. In na shigo coci sai in ji ana kukan tantabara ƙasa-ƙasa daga layin masu siririyar murya. Har Rifkatu, wadda muka sha nono ɗaya, in za ta miƙo mini abinci sai ta ce, "Yaya, duba ƙafar da kyau, ko akwai zare."

Na rantse a zuciyata sai Bitrus ya yi kukan da za a ji a Ƙofar Guga.

Ranar Lahadi, Malam Yohanna na makarantar Lahadi ya koya mana addu'ar furta zunubi da aka yi a zamanin Nehemiya. Yana karantawa ina gyangyaɗi, sai na ji an zo wurin da masu bin Isra'ilawa suka nutse a teku. Barci ya watse. Na ce, ashe wannan ce dabarar! Ka tuna wa Allah abin da ya yi wa maƙiya a dā, sai ya maimaita. Malam ya ci gaba da karatu, yana cewa mu lura da abin da ya biyo baya, amma ni na riga na sauka a tashata.

Na zama mai addu'a. Mama har ta gaya wa zumuntar mata cewa Ruhu ya taɓa ɗanta. Da ta san abin da nake faɗa!

Nakan durƙusa in ce, "Ya Allah, kai ne ka cika gadon Fir'auna da kwaɗi. Ga gadon Bitrus, yana daga hagu in an shiga. Kai ne ka aiko da kwarkwata, ga kansa nan, bai cika wanke shi ba, za su ji daɗin zama. Kai ne ka sa marurai, ka sa masa ɗaya inda ba zai iya zama a benci ba. Kai ne ka sa duhu a Masar, a ɗauke wuta a gidansu su kaɗai. In duk wannan ya yi maka yawa, to ka yi na ƙarshen kawai. Ka nutsar da shi."

Har azumi na yi. Tun asuba ban sa komai a baki ba sai da hantsi.

Me ya faru? Bitrus ya yi ƙiba. Kumatunsa suka fito kamar an hura balan-balan. Aka ba shi jan waƙa a ranar godiya. Kawunsa ya kawo masa sabon takalmi fari fat, yana tafiya yana ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi. Wuta kuwa an ɗauke, amma a layinmu. Maruru ya fito, amma kada ku tambaye ni a jikin wa.

Ni kuma na rame. Abinci ba ya mini daɗi, waƙa ba ta shiga. In an ce mu gaisa da juna da salama, sai in matse hannunsa kamar zan cire yatsun. Malam Sani mai shago ya dube ni ya ce, "Ishaku, lahiya kuwa? Ka koma kamar tsinken tsire bayan an cinye naman." Na ce zazzaɓi ne. Zazzaɓi ne kuwa, amma a zuciya yake.

A ƙarshe na ce, wataƙila ayyuka sun yi wa Sama yawa. Bari in taimaka.

Tsakanin bayan gidanmu da bayan gidansu Bitrus akwai babbar kwata mai zurfi, wadda ruwan unguwa yake bi in an yi sama. Baba Dauda ya shimfiɗa katako a kanta, ya danne kowane gefe da duwatsu. Manya ba sa bi, suna zagayawa ta titi. Bitrus ne yake yanke hanya ta nan duk Asabar in zai tafi koyon waƙa. A kwanakin nan ruwa ya ɗan ɗauke, ba komai a kwatar sai baƙin taɓo mai warin da zai tashi matacce.

Da safiyar Asabar na je na janye duwatsun gefenmu. Na ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin bakin katakon, na yayyafa busasshiyar ƙasa don kada a gane. Na tsaya na kalli aikina na ce, "Ga Bahar Maliyarka nan, Fir'auna. Kai da farin takalminka." Ina hango shi ya fito baƙi ƙirin, 'yan mata suna toshe hanci. Na dawo gida ina fito.

Da rana aka kawo tuwo, aka zauna. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ban ko kula ba. Kaka ta gyara ɗankwali. Muka shiga Masar. Muka iso Bahar Maliya. Hannuna ya shiga miya kamar yadda ya saba.

Ya lalube gabas, ya lalube yamma. Miyar kuka ce tsura, ko ƙashin kifi babu. Ƙarshen wata ne.

Ba abin taunawa, ba hanyar gudu. A karo na farko a rayuwata, motar Kaka ta wuce da ni tashata.

'Yan'uwa, ashe akwai hanya a gaba!

Na ji ta shiga jeji. Ta ce, "Ka ba su abinci daga sama, ka ba su ruwa daga dutse, suka juya suka yi maraƙin zinariya. Duk da haka ba ka yashe su ba." Ta ce ka cece su, suka manta, suka sha wuya, suka yi kuka, ka sāke cetonsu, suka sāke mantawa. Na ce a raina, kai, mutanen nan ba su da kunya. Ta bi ta Babila ta dawo da su.

Sai kawai na ji motar ta shigo ƙasarmu. Ta ce, "Kai ne ka riƙe mu a ƙauye shekarar yunwa, muna cin tafasa ba gishiri, ba ka bar ko ɗaya cikin ɗiyana ya mutu ba. Kai ne ka tashi mai gidana ran da kububuwa ta sare shi a gona. Kai ne ka kawo mu Katsina ba mu san kowa ba, ka ba mu maƙwabta."

Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Kaka ba ta ko rage gudu ba.

Ta ce, "Kai ne, ran da ruwa ya kada bangon ɗaki bisa jaririnmu Ishaku, muna ta kururuwa mun rasa abin yi, ka aiko bawanka Dauda. Ya tona ƙasa da hannu, ba fartanya don kada ya sari yaron, har yatsansa ya karye bai daina ba, sai da ya fiddo shi da rai."

Na buɗe ido.

Na san akwai tabo a ƙeyata. Na san an ce bango ya taɓa faɗo mini ina jariri. Ban taɓa tambayar wanda ya tono ni ba. Kuma yatsan nan na Baba Dauda, wanda ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ni ne nake kwaikwayonsa ina ba yara dariya. Kullum ana faɗar wannan a kan tuwonmu, kullum ina tauna.

Sai muryar Kaka ta sauka ƙasa. Ta ce, "Kai ba ka taɓa cin amanarmu ba, mu ne maciya amana. Mun ci alheri mun shafe baki. Tsuntsayenmu sun cinye geron da maƙwabciya ta shanya, ta kawo kuka har ƙofa, mun yi mata dariya. Mun riƙe ɗan'uwa a zuci, mun zo gabanka da baki mai zaƙi. Ka yi mana jinƙai kamar yadda ka saba."

Mu, in ji ta. Kaka ba ta da tantabara ko ɗaya. Ni ne Maman Bitrus ta zo ta yi wa magana kan geron kunun da take sayarwa, ba sau ɗaya ba, na ce mata tantabara ba ta jin Hausa. Amma tsohuwar nan ta shiga cikin laifin ta zauna tare da ni.

Nan na gane abin da Malam Yohanna yake cewa mu lura da shi. Mutanen nan ba don su nuna wa Allah maƙiyi suke tuna Masar ba. Suna tunawa ne don su ga girman alherin da suka taka, su kuma sami ƙarfin halin roƙon wani. Ni na ɗauki rabin addu'a na wasa shi kamar wuƙa.

Kafin a ce Amin, sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Kwata! Katako!

Na tashi na tsallake kwanon tuwo. Ina ji Baba yana cewa, "Kai! Ana addu'a!" Ban waiwaya ba.

Da na isa, kwatar da na bari da taɓo ta cika ta batse. Jan ruwa yana gudu yana ruri, yana ɗauke da leda da itace da matacciyar kaza. A ƙasa kaɗan kuma ruwan yana shigewa ƙarƙashin titi ta wani baƙin rami. Wanda ya shiga nan, sai dai a nemi gawarsa a bayan gari. Ga Bitrus a ɗaya gefen, ya rufe kai da buhu, yana shirin hawa.

Na ce, "Bitrus! Kada ka hau!"

Ya ce, "A'a, Ci-naka! Ƙari ka zo nema cikin ruwan nan?"

"Katakon ba shi da kyau! Koma!"

"Babana ya sa shi. Kai dai baƙin ciki kake da takalmina."

Ya ɗora ƙafa. Na ga bakin katakon na gefena yana motsi. Ban yi tunani ba, na faɗa kan katakon da ƙirji don in danne. Ƙasar da na ƙwaƙule da hannuna ta zame. Bitrus ya yi tsalle baya. Ni da katako muka tafi.

'Yan'uwa, na sha ruwan unguwarmu gaba ɗaya. Na san ɗanɗanon wankin kowane gida. Ruwa ya juya ni, ya buga ni da gefe, ya ja ni wajen ramin nan. Hannuna ya kama wani guntun ƙarfe da ya fito daga siminti, ƙafafuna kuwa sun riga sun shiga duhu. A nan na yi addu'a mafi gajarta da aka taɓa yi a zuriyar Kaka, amma ita ma ta bi ta Masar. Na ce, "Ya Allah, kai ka raba teku, kai ka tono ni daga ƙasa. Ni na yi laifi, ni ne! Yesu, cece ni!"

Yatsuna suna zamewa, sai na ji an damƙi wuyan rigata. Bitrus ne. Ya biyo gefen kwata da gudu, ya kwanta rubda ciki a taɓo, ya saƙale ƙafarsa a jikin turken wuta. Ƙibar nan da na yi ta jin haushinta, ita ta hana ruwa ya ja mu mu biyu. Yana ja yana ihu, "Riƙe ni, ɗan banza, riƙe ni!" Malam Sani ya ji, ya fito da gudu ya kama ƙugun Bitrus, suka fizgo ni waje kamar tarwaɗa.

Yabo ga Ubangiji! Wanda na roƙa a nutsar, shi aka aiko ya tsamo ni!

Ina kwance ina aman ruwa, na dubi ƙafarsa. Takalmi ɗaya ya tafi. Ɗayan kuma ba mai cewa ya taɓa zama fari.

Na gaya masa gaskiya a wurin. Na ce ni na janye duwatsun. Ya dube ni, ruwa yana zuba a fuskarsa. Sai ya ɗauke ni da mari, wanda har yau in ana sanyi kunnen nan yana amsawa. Na ce Amin. Malam Sani ya ce, "Ai shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kai kuwa ka haɗa da kwalbati."

Can Bitrus ya ce, "Geron Mama ne ya ba ni haushi. Amma farfesun nan mugunta ce. Ban kyauta ba."

Na ce, "Ya yi daɗi kuwa." Muka fashe da dariya, muna kuka, muna rawar sanyi.

Da yamma Baba ya tasa ni gaba har gidansu. Abin da ya faru tsakanina da Baba kafin mu fita ba na shaida ba ne, na asibiti ne. Na durƙusa gaban Maman Bitrus na roƙi gafara kan geronta. Na durƙusa gaban Baba Dauda, na kasa ɗaga ido daga yatsan nan. Sai ya dafa kaina daidai tabon ya ce, "Ishaku, ni na tono ka daga ƙasa, ɗana ya tsamo ka daga ruwa. Don Allah ka yi mana rai, kada ka faɗa wuta. Gidan nan mun gaji."

Ni na shimfiɗa sabon katako, Baba Dauda yana tsaye yana nuna mini da yatsan. Tantabaruna kuma yanzu ba sa fita sai an kwashe shanya.

Ciwon ya tafi, 'yan'uwa. Ina cin abinci, ina barci, ina gaisawa da Bitrus ba tare da na nemi karya masa hannu ba. Ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba, in na ga farar tantabara a sama har yanzu wani abu yakan taso mini. Amma da ya taso sai in fara daga Masar, kuma kafin in iso kwata ya kwanta.

Domin addu'ar Kaka ta ƙara tsawo, ni na jawo. Yanzu bayan bango akwai sabuwar tasha: "Kai ne ka fid da mijina marar kunya daga kwata." Rifkatu tana hararata saboda tuwo yana ƙara sanyi. Ni kuwa hannuwana biyu suna kan gwiwa har a ce Amin, ko da kan rago ne a cikin miyar.

Na gode wa Allah da bai amsa addu'ata yadda na yi ta ba. Na gode masa don jinin Yesu da ya wanke abin da ruwan kwata bai iya wankewa ba. Ku dogara gare shi. Wanda ya cece ku jiya bai gaji ba, ko kun manta shi bai manta ba. In kuna da wani Fir'auna a zuciya, ku tuna abin da Allah ya yi, amma kada ku sauka a Bahar Maliya. Ku zauna a motar har ta kawo ku ƙofar gidanku.

Bitrus, na yafe maka Walƙiya a gaban ikilisiya. Amma ko a bikin aurenka, in an kawo farfesu, kai za ka fara ci.

Halleluya! Amin.